Hancin Inna Gendi

A ƙauyenmu, nan gindin Dutsen Gabas a bakin tafkin Taihu, in ka ji ana zancen hanci to da ni ake. Ba don kyansa ba, ɗan dunƙule ne, marigayi mijina ma cewa yake kamar an liƙa mini tafarnuwa a fuska. Amma aikinsa! Mai tsinkar ganye za ta shigo da kwandonta, kafin ta sauke in ce, "Ke, albasa kika yanka da safe, koma waje." Ganye yana kasko ba na kallon agogo, hancin ne ke gaya mini ya isa. Sunana Gendi, babba da yaro Inna Gendi suke ce mini, kuma tun ina budurwa nake suyar shayin Biluochun da hannuna a kaskon ƙarfe har na tsufa a kai.

To bana hancin ya mutu.

Zazzaɓi na yi a tsakiyar sanyi, mai zafi, ya kwantar da ni. Na tashi, ƙarfi ya dawo, cin abinci ya dawo, masifata ma ta dawo, amma hanci shiru. Na buɗe tulun tsimin waken suya na tura kaina ciki, babu. Na murza ɓawon lemo a tafin hannu, babu. Na zauna a bakin gado na yi kukana ni kaɗai, na share fuska na fito, ban gaya wa kowa ba.

Yaya zan faɗa? Ɗana Haigen ya daɗe yana ƙulafucin injin suya mai aiki da lantarki, irin wanda rabin ƙauyen suka koma. Abin da ya hana shi ɗaya ne, masu saye daga Shanghai sunana suke bi su zo har ƙofar gida. Ranar da aka san hancin ya tafi, ranar za a ciro kaskona a jingine a bango, a ba ni kujera a rana cikin tsofaffin da ke tsintar ganye suna gyangyaɗi. Ni Gendi? Na gwammace in haɗiye abina.

A wurinmu suya aikin mutum biyu ne. Mai kasko tana tsaye a gaba, hannunta cikin ganye. Mai wuta tana zaune a bayan katangar murhu, ba ta ganin ganyen, umarni kawai take jira. In na ce "Ƙara!" ta tura rassan lemo busassu, in na ce "Janye!" ta ja. Mai wutata ita ce Lanfen, matar Haigen. Shekarar da aka kawo ta na gwada ta a kasko sau ɗaya, na ji ƙamshin man shafawa a hannunta, na kwashe ganyen gaba ɗaya na watsa wa kaji a gaban masu tsinka. Tun daga ranar ta koma bayan murhu, kuma tun daga ranar ba ta sake taɓa man shafawa da bazara ba, hannunta duk faso. Yanzu 'yarta ma ta isa aure.

Da ganyen bana ya fara tohowa na shiga ɗakin suya ina tsoron a gane ni. Sai ga shi komai yana tafiya daidai. Ina da ido, ina da kunne, tafin hannuna ya san zafin kasko fiye da yadda ya san fuskar jikata. Abu biyu ne kawai suka dame ni, duka daga Lanfen. Na farko, ta tsiro da kawo mini ruwan zafi da toka da tsohon ganyen shayi a kwano, wai in wanke hannu kafin in fara.

"Yau ke za ki koya mini wanke hannu?" na ce mata.

"A'a Mama, na ga ruwan rijiya ya yi sanyi ne."

Na biyu, wutar ta riƙa sauka kafin in buɗe baki. Ina shirin cewa "Janye!" sai in ji kaskon ya riga ya lafa. Na leƙa bayan katanga na ce, "Lanfen, yaushe kika zama mai kasko?" Ta ce itacen ne ɗanye, ba ya ci. Na yi tsaki na ci gaba.

Ana cikin haka jikata Danni, mai aiki a birnin Suzhou, ta aiko cewa mahaifin saurayinta zai zo ya gan mu kafin ranar sharar kaburbura, bikin da muke yi wa magabata da bazara. Mutanen arewa ne, can Shandong, masu cin turararren burodi da ɗanyar tafarnuwa. Na ce to, ya zo, zai sha abin da bai taɓa sha ba tun da uwarsa ta haife shi.

Akwai wasu tsofaffin bishiyoyin shayi a saman gonarmu, a inuwar itatuwan lemo, waɗanda surukina, uban mijina, ya shuka. Ganyensu kaɗan ne, amma ƙamshin furen lemo a jikinsa yake. Na hana kowa taɓa su. Ranar da tohon ya kai, da kaina na hau, na tsinko ɗaya bayan ɗaya, kowanne toho da ɗan ganye guda bai wuce harshen tsuntsu ba. Hawan dutsen ya tayar mini da ciwon gwiwa. Da na sauko na zauna na lafta mata man zafi, na murza sosai har ta saki. Na wanke hannu da ruwan rijiya, na sake wankewa, ban sa sabulu ba don mai suya ba ta taɓa sabulu ranar aiki. Sai na ɗaga hannun zuwa hancina na shinshina, yadda na saba yi duk rayuwata. Ban ji komai ba. Kuma, ku ji wauta, na yarda da abin da ban ji ba.

Lanfen ba ta nan ranar, ta shiga birni sayo kayan tarbar baƙi. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa ta ce, "Mama, ki bari in dawo mu yi tare."

"Ganye yana jiran mutum ne?"

"Da yamma zan dawo."

"Ki dawo jibi ma in kin so. Haigen zai riƙe wuta."

Haigen kuwa, taba ta gama da hancinsa tun yana saurayi, ga shi a bayan katanga. Ko ya ji wani abu, zai ce gwiwar tsohuwa ce, don ɗakina ma haka yake tashi.

Kai, amma ranar na yi suya! Kaskon ya ɗau zafi, na zuba ganyen ya hau ƙara kamar ana soya ridi. Na ɗaga na watsa, na ɗaga na watsa, har ya yi laushi ya yi duhu. Na ce a janye, na shiga murza shi a jikin kaskon yana nannaɗewa. Daga nan na riƙa dunƙula shi tsakanin tafukana ina saki, ina dunƙulawa ina saki, har farin gashin nan mai laushi ya fito ya lulluɓe shi, kowane ɗaya ya lanƙwashe kamar ɗan dodon koɗi. Hannuna bai bar ganyen ba tun daga farko har ƙarshe. Da na kwashe na kalle shi a kan takarda, na ce ban taɓa yin mai kyan wannan ba. Ya huce na zuba a gwangwani, na rufe, na naɗe bakin da takarda, na kai ɗakina na ajiye ya kwana biyu zafin wuta ya bar shi. Ban ɗanɗana ba. Ban taɓa ɗanɗana shayina kafin baƙo ba, kowa ya san haka, hancina ya ishe ni.

Ranar da suka zo, uban da ɗansa da Danni, gari ya yi kyau, tafkin ya kwanta luf. Malam Meng, mahaifin yaron, tsohon direban jirgin ƙasa ne, ƙato, murya kamar yana kiran wani a tsallaken ruwa. Tun daga ƙofa ya kama hannuna da nasa biyu yana girgizawa.

"Inna Gendi! Sunanki ya riga ki zuwa gidanmu. Danni ba ta da zance sai kakarta da shayinta."

Sai ya miƙo mini tsaraba a kwali mai jan zare. Na buɗe. Shayi ne. Shayi fa, ya ɗauko tun daga Shandong ya kawo wa mutanen Dutsen Gabas! Kuma irin nasu na arewa, wanda ake kwantar da shi da furanni har ya ɗau ƙamshinsu. Na ga Danni ta runtse ido, ta san abin da ke zuwa.

"An gode, Malam Meng," na ce. "Za mu ajiye wa masu gyaran rufi. Mu nan ba ma yi wa shayi kwalliya. In ka ga an tula wa ganye fure, to shi kansa ba shi da abin faɗa ne."

"Kaka!" in ji Danni.

Shi kuwa ya bushe da dariya har yana dukan cinya. "Ta faɗi gaskiya! Mu me muka sani? Mu dai a ba mu ruwa mai zafi mai launi. Yau na zo makaranta, Inna, ki koya mini."

Wannan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka ci farin kifin tafki da jatan lande, ya yaba, ya nemi tafarnuwa aka ce babu, ya sake dariya. Da aka kwashe kwanuka na ce kowa ya kurkure baki. Na sa Lanfen ta kawo tambulan na gilashi, ta jera, ta kawo butar ruwan maɓuɓɓuga da aka tafasa. Malam Meng ya miƙa hannu zai zuba.

"Tsaya. Ina za ka?"

"Ai ya tafasa."

"Shi ya sa. Wannan ganyen jinjiri ne, ka zuba masa tafasasshen ruwa ka dafa shi, ya yi rawaya ya yi ɗaci. A bar ruwan ya sha iska, sai ka iya riƙe tambulan ba ka yar ba."

Muka jira. Na zuba ruwan da kaina, ban cika ba, na bar wurin yatsu a sama. Ya leƙa nasa ya ce, "Inna, kin manta ganyen."

"Ban manta ba. A wurinmu ruwa ne ke fara shiga, ganye ya same shi."

Sai na je na ɗauko gwangwanina, na zauna, na warware takardar a hankali don kowa ya gani, na buɗe murfin.

Lanfen tana tsaye a kafaɗata. Na ji ta ja numfashi. Na ɗaga kai, fuskarta ta yi fari fat.

"Mama," ta ce a hankali, "ko in kawo na jiya? Wannan a ajiye shi ya ƙara kwana."

"Na jiya na masu saye ne. Wannan na saman gona ne."

"Na ga kamar bai gama hucewa ba."

"Lanfen, je ki duba murhu."

Ba ta tafi ba, ta dai ja baya ta jingina da bango. Danni ta yi tari, ta kalli uwarta, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka kyan ganyen ne ya kashe musu baki.

Na ɗiba da ɗan cokalin gora na zuba wa Malam Meng a tafin hannu ya gani. Ya kawo shi kusa da ido ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, wannan farin abin, ba fumfuna ba ce?"

"Fumfuna! Gashin tohon ne. Shi ake biya."

Na barbaɗa ganyen a kan ruwan kowa. Suka tsaya a sama kaɗan, sannan suka fara gangarawa ɗaya bayan ɗaya, farin gashin yana yawo a ruwan, ganyen yana warwarewa a ƙasa yana komawa kore kamar yanzu aka tsinko shi. Malam Meng ya buɗe baki yana kallo. Ya nemi murfi na ce ba a rufewa, a rufe ya shaƙe.

"Yanzu ido ya ci nasa," na ce. "Saura hanci. Kada ka sha tukuna. Kawo shi nan, ka ja a hankali. Ka ji furen lemo? Ka ji ɗanyen ganye a bayansa? Wannan ba abin da aka sa masa, ba fure, ba turare. Daga bishiya sai kasko sai hannuna. Shayin kirki ba ya ƙamshin komai sai kansa."

Na ɗaga nawa ni ma na kai hanci, na lumshe ido, na gyaɗa kai yadda na saba. Ina ta yi wa mutane wasa da fuska a kan abin da ba na ji.

Malam Meng ya ja numfashi mai ƙarfi. Idonsa ya buɗe. Ya sake ja. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye, sai ya bugi tebur.

"Kai! Inna Gendi, kin iya wasa da mutane! Kika ce ba kwa sa komai?"

"Ba ma sawa."

"Haba! To wannan sanyin fa? Ya buɗe mini hanci har ƙeya. Kin san me ya tuna mini? Man zafin da marigayiya matata take shafa mini a baya in na dawo daga doguwar tafiya. Shi ɗin sak! Wane ganye ne kuke haɗawa? Na'ana'a ce? Ai wannan ya fi namu na furanni nesa ba kusa ba."

Ba zolaya yake ba. Da zolaya ce da na san yadda zan yi da shi. Idonsa har ya kawo ruwa don tuna matarsa.

Na kai tambulan ɗina baki na kurɓa. Hanci ya mutu, amma maƙogwaro bai mutu ba. Ɗan zaƙin yana nan, ɗan ɗacin yana nan, sai kuma a bayansu wani sanyi ya bi mini harshe ya sauka, sanyin da na sani sarai, wanda nake ji a gwiwata kowace safiya. Man ya maƙale a fason hannuna da ƙarƙashin farce, zafin kasko ya narkar da shi, ni kuma na murza shi cikin ganyen da ƙarfina duka.

Wayyo. Kunnuwana suka ɗau zafi, wuyana ya ɗau zafi. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na kalli Haigen, ya kurɓi nasa ya ajiye yana kallona, kallon da ɗa bai kamata ya yi wa uwarsa ba, kallon tausayi. Saurayin Danni yana ta taka ƙafar ubansa a ƙarƙashin tebur, uban yana cewa, "Me ya faru? Na faɗi wani abu ne?"

Sai Lanfen ta matso daga bango.

"Malam Meng, ka gafarce mu," ta ce. "Ba haka shayin yake ba. Laifina ne. Wuyan hannuna ne ya yi ciwo na shafa man zafi, na manta na zuba ganyen a gwangwani. Mama ta soya shi lafiya lau, ni na ɓata."

Kowa a gidan ya san ƙarya ce. Ba ta nan ranar. Gwangwanin bai taɓa barin ɗakina ba. Macen da ta yi shekara da shekaru hannunta yana tsagewa ba ta shafa masa ko man girki da bazara ba.

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki in ce, a'a, ni ce. Na buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "Sau nawa zan gaya miki?"

Da kunnena na ji muryata. Tsohuwar muryar nan, mai kaifi, wadda na watsa wa kaji ganyenta da ita. Lanfen ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Danni ta tashi ta fita daga ɗakin, na ji ta turo ƙofar baya da ƙarfi.

Malam Meng, mutumin kirki, ya rikice. Ya shiga ba Lanfen haƙuri, yana ba ni haƙuri, yana cewa kada a yi mata faɗa, shi dai ya ji daɗinsa, kuskuren da ya fi daidai daɗi. Don ya nuna da gaske yake ya shanye har saura kaɗan, ya miƙo tambulan a ƙara ruwa. Ni na koya masa cewa ba a bari ya ƙare ƙaf kafin a ƙara, kuma zubi na biyu ya fi na farko. Ya sha na biyu. Ya sha na uku. Ina zaune ina zuba masa, ba na iya ɗaga ido.

Da za su tafi ya tsaya yana murza hula. "Inna, in ba za ki ji haushi ba, tun da ku ba za ku sha ba, ki ba ni ragowar. Zan kai wa abokaina tsofaffin ma'aikatan jirgi su ɗanɗana. In ce musu ga na hannun Inna Gendi."

Me zan ce? Baƙo ne, surukin gobe, ya roƙa a gaban mutane. Na rufe gwangwanin na miƙa masa da hannu biyu. Ya rungume shi a ƙirji ya shiga mota. Shayin da ya fi kowane kyau a rayuwata ya tafi Shandong da sunana a kai, yana warin gwiwa.

Washegari ban fita ba. Na ji masu tsinka sun hau dutse, na ji sun sauko, na ji ana zuba ganye a faifai ana tsinta. Danni ta koma birni ba ta shigo ta yi mini sallama ba. Haigen ya zo ƙofar ɗakina sau biyu, ya tsaya, ya koma. Na san abin da ke bakinsa, zancen inji ne, ya rasa ta inda zai fara. Na kwanta na juya wa ƙofa baya. Na yi ta nanata kalmomin nan, sau nawa zan gaya miki, kowane nanatawa sai in ja bargo in rufe fuska, ni kaɗai a ɗaki.

Amma ganyen da aka tsinka da safe ba ya kwana ɗanye. Da rana ta karkata na ji ƙarar itace a murhu. Can sai muryar Lanfen daga tsakar gida, kamar kullum, ba sama ba ƙasa.

"Mama, kasko ya yi zafi."

Na daɗe a zaune. Sannan na tashi na ɗaura ɗankwalina na tafi.

Ita kaɗai ce a ɗakin suya. Ganye yana faifai, kwanon ruwan zafi da toka yana kan benci, ita tana tsugune a bayan katanga tana gyara wuta. Na tsaya a kanta.

"Tun yaushe kika sani?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. "Tun bikin sabuwar shekara. Shinkafa ta kama a tukunya, hayaƙi ya cika kicin, kina zaune a wurin kina ɓare gyaɗa."

"Haigen fa?"

"Na gaya masa kafin ganye ya toho."

"Ya sani? Bai sayo injin ba?"

"Ya so. Na ce ya bari mu ga bana."

Na nemi benci na zauna. "Wa kuma?"

Ta tura wani reshe cikin wuta kafin ta amsa. "Masu tsinka. Ni na roƙe su kada su ci albasa, tun da yanzu ba mai kama su."

Ashe duk wannan bazarar da nake yawo ina ɗaga hanci sama, ina shinshina kwanduna, ina gyaɗa kai, matan nan suna tsaye suna kallona, sun sani, suna cewa, "Yaya, Inna, ya yi?" Ashe itacen ba ɗanye ba ne. Ashe ruwan rijiya ba sanyi ya yi ba. Kunyar jiya ta gaban baƙo ɗaya ce, wannan kuwa ta gaban ƙauye ce, kuma ta daɗe tana tafiya ban sani ba.

"Abin da na faɗa miki jiya," na ce. Ban saba ba. Na sake gwadawa. "Bai kamata ba. Ke ba ki yi komai ba."

"Na sani, Mama."

Ba ta ce ba komai ba. Ba ta ce ya wuce ba. Ta dai ce ta sani, ta ci gaba da kallon wutarta, kuma hakan ya fi mini daidai.

"Tashi ki kama kaskon," na ce. "Ni zan riƙe wuta."

Ta ɗago hannuwanta ta juya su. "Da waɗannan? Ban taɓa kasko ba tun ina amarya. Zan ƙona ganyen in ƙona kaina. Hannun naki ne. Ni daga nan ina jin ƙamshinsa in ya isa, shi ke nan abin da na iya." Ta kalli faifan. "Ganyen yana yaushi, Mama."

Na je wurin kwanon. Na tsoma hannu cikin ruwan zafin, na cuɗa da toka, na bi fason ɗaya bayan ɗaya, na ƙwaƙule ƙarƙashin farce da tsinke, na murza tsohon ganyen shayi, na ɗauraye. Na goge da tsumma mai tsabta. Hannun ya ɗago da kansa zai tafi hancina, na tsayar da shi a hanya.

Na zagaya bayan katanga, wurin da ban taɓa tsayawa ba sai don faɗa. Na miƙa mata hannuwana biyu, tafi a sama, kamar yarinyar da za a duba kafin cin abinci. Fuskata tana ci da wuta, ba ta murhu ba.

Lanfen ta goge nata a zani, ta kama yatsuna, ta sunkuya ta shinshina na dama. Ta shinshina na hagu. Ta koma na dama, wajen babban yatsa, ta daɗe.

"Sake wankewa, Mama," ta ce.

Na koma na sake wankewa.